Shirun Ɗaki: Nazari Kan Aikin Mai Tace Sauti

Makirufo ba shi da zaɓi. In kana hira da abokinka a bakin titi, kunnenka zai ture ƙarar babura gefe ya kama maganarsa. Na'ura kuwa duk abin da ya zo haɗiyewa take yi, da tari da kukan akuya da rurin janareta. Bayan an gama ɗaukar fim, mai tace sauti ne ke zama gaban kwamfuta ya yi wa ɗan kallo wannan zaɓi.

Shi ya sa da yawa daga abin da muke ji a manyan finafinai ba a wurin ɗauka aka same shi ba. Jack Foley na kamfanin Universal a Amurka, wanda wani reshen sana'ar ya ci sunansa, ya yi aiki a fim ɗin Show Boat na 1929. Salonsa shi ne a haska hoto, shi kuma yana taka ƙasa daidai da takun ɗan wasa. Magadansa har yau da ɓawon kwakwa suke yin sukuwar doki. Wani mai aikin sauti Ben Burtt kuwa, a fim ɗin Star Wars na 1977, gunjin injin majigi ya gauraya da tsuwwar talabijin ya samar da kukan takobin haske.

Waɗannan dabaru su ake yawan ba da labari, amma ni abin da ya fi kama hankalina shi ne shirun ɗaki. Idan an kammala fitowa, mai ɗaukar sauti kan ce kowa ya tsaya cik, ya naɗi kamar minti ɗaya ba mai motsi. Kowane ɗaki da irin shirunsa: na mai rufin kwano daban, na soron ƙasa daban. Da wannan shiru mai tacewa ke cike giɓi duk inda ya yanka magana, kamar yadda magini ke shafe tsaga da irin ƙasar da aka yi bangon. In babu shi, sautin sai ya riƙa faɗawa rami, kunne ya ji wani abu ya gutsure ko da mai kunnen bai san mene ne ba.

A nan nake jin ciwo game da finafinanmu. Daga fim ɗin Turmin Danya na 1990 zuwa yau hoton Kannywood ya yi nisa ƙwarai, amma sau da yawa za ka ji miji na magana fanka na kaɗawa, a juyo kan matar fankar ta ɓace, sai a kwararo kiɗa a rufe ɓarakar. Ga shi Hausa harshe ne da jan wasali kaɗai ke raba garin da ake zama da garin da ake tuƙawa, don haka kiɗan da ya danne murya har ma'ana yake dannewa. Minti ɗayan nan na naɗar shirun ɗaki ba ya cin ko kwabo, sai dai shi ake fara yafewa idan rana ta yi gora ana saurin tashi.