Tsarabar da ta juya hanya: kewar abincin gida a idon silimar Nijar

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar manyan motocin fasinja ta Damagaram ko ta Maraɗi da asubar fari ya san cewa ba mutane kaɗai ke tafiya Yamai ba. A cikin rumbun kaya akwai kwalaye da ƙulle-ƙulle da ƙananan buhuna, an rubuta wa kowane suna da lambar waya: kilishi, cuku, ƙuli-ƙuli, daudawar batso, busasshiyar kuɓewa, garin kuka, alkaki da dakuwa. Masu jiran wannan saƙo a ƙarshen hanya, bayan tafiyar kilomita wajen 900 in daga Damagaram ya taso, ba yunwa ke damun su ba. Yawancinsu ma'aikata ne, malaman makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki, ɗalibai, da matan da suka bi mazajensu. Kasuwar Katako da ta Wadata suna nan kusa da su, kuma da wuya a rasa abin da ke cikin kwalin nan a can. Amma in aka tambaye su, amsar ɗaya ce: na nan bai yi kamar na gida ba.

Harshen Hausa bai haɗa wannan hali da kwaɗayi ba. Kwaɗayi abin kunya ne, ana hana yaro shi tun yana ƙarami. Marmari kuwa son abin da aka jima ba a samu ba ne, ba wanda ke zargin mai shi. Abin da ke cikin kwalin ya zarce marmari, ya shiga kewa, domin mai shi ba naman kawai yake tunawa ba, har da rumfar da ake sayen sa, da hannun da ke naɗe shi cikin takarda. Abin tambaya ga mai nazari shi ne: ina wannan kewa take a cikin ayyukanmu na fasaha, tun da yake silimar ƙasar nan a kan hanyar ƴan ci-rani aka haife ta?

A 1954 ne Jean Rouch ya fara ɗaukar Jaguar, fim ɗin da bai fito ba sai 1967. Samari uku, Damouré Zika, Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel, sun tashi daga kasuwar Ayoru suka nufi Gwalkwas, ƙasar da ta zama Gana a 1957. Ɗaya makiyayi, ɗaya masunci, ɗaya kuma mai ɗan ilimin boko da son ado. Sun yi dako, sun yi aikin katako a Ankara, daga baya suka haɗu a kasuwar Kumasi suka kafa teburin koli. Da damina ta ƙarato suka komo gida da kaya, suka rabar da abin da suka yi watanni suna tarawa cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Fim ne mai daɗi da raha, har yau ba ya gundura. Sai dai mu lura da inda kaya suka dosa a cikinsa: daga bakin teku zuwa ƙauye. Wannan ita ce tsaraba yadda kakanninmu suka san ta tun zamanin fataucin Gwanja, matafiyi ne ke kawo wa na gida. Abin da idon fim ɗin ya fi so shi ne tabarau, sigari da takun ƙasaita a titin birni. Abinci, in ya gitta, guzuri ne, abin da ake ci don ƙafa ta iya ci gaba.

Akwai uzurin da ya kamata a ba Rouch. Na'urar da ya yi aiki da ita ta wani ce, ana murɗa ta da hannu, ba ta wuce daƙiƙa ashirin da ƴan kai sai ta tsaya, kuma ba ta ɗaukar murya. Damouré da Lam sun zauna ne daga baya suna kallon hotunan suna zuba maganar da muke ji. Tuwo kuwa ba ya nuna cikin daƙiƙa ashirin. Irin wannan na'ura ta dace da mai tafiya da mai rawa, ba ta da haƙurin zaman gindin murhu.

A Moi, un noir, wanda aka ɗauka a unguwar Treichville ta Abijan ya kuma fito a 1958, al'amarin ya fi nauyi. Oumarou Ganda, tsohon sojan Indoshin da ya koma lebura a tashar jiragen ruwa, yana ba da labarin kansa da bakinsa, kuma kuɗi ne ba sa barin bakin nan: nawa aka samu yau, nawa za a kashe. A irin wannan rayuwa ci lissafi ne. Da kewar gida ta taso masa kusa da ƙarshen fim, kogin Kwara muka gani, da yara suna wanka a bakin ruwa a Yamai. Wuri ne mai taɓa zuciya, ba na musu. Amma kewa ce ta namiji wanda ya tuna wasa, bai tuna wadda ta kira shi cin abinci bayan wasan ba. Haka littattafanmu na wancan zamani da suka taɓa batun biɗa, irin su Abboki na Mahamadou Halilou Sabbo (1978), gargaɗi ne ya fi damun su: kada saurayi ya ruɗu da kiran bakin teku. Mai gargaɗi ba shi da lokacin santi.

Alhali kuwa tukunya tana nan a tsakiyar tarihin zango. Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda maigida ke saukar da falke, ya ba shi makwanci da abinci daga cikin gidansa, ya tsaya masa wajen ciniki da bashi. Ke nan tuwon da baƙo ke ci a zango wani sashe ne na yarda da ke riƙe da fataucin shanu da goro. Wanda ya ci miyar kuka a gidanka, a garin da kowa ke cin doya da manja, ya san inda zai sake sauka baɗi. Matan da ke cikin gida suna tuƙa wannan tuwo su ne ba a gani a hoto, domin masu ɗaukar hoton maza ne, abokan tafiyarsu ma maza.

Sai da aka yi shekara hamsin kafin wani ɗan ƙasa ya kusanci maganar ta wata ƙofa. Sani Elhadj Magori, haifaffen Galmi, wanda ya karanci aikin gona kafin ya kama silima, ya yi fina-finai biyu da ya kamata a riƙa nuna su tare. A Pour le meilleur et pour l'oignon (2008) ya bi wani manomin albasa wanda ƴarsa ta shekara 2 tana jiran aure, uban ya yi alkawarin za a ɗaura in an yi girbi, saboda haka ranar bikin ta rataya ga yawan buhuna da farashin kasuwa. A Koukan Kourcia (2010) kuma ya ɗauki tsohuwar zabiya Hussey, wadda waƙoƙinta suka zuga samari da yawa barin gida tun tana da ƙuruciya, ya kai ta har Abijan don ta rera wata waƙar da za ta kira su su komo, ciki har da mahaifinsa. Kukan kurciya jawabi ne, in ji masu magana, kuma Magori ya yarda cewa murya ce igiyar da za ta iya jawo wanda ya daɗe.

A ganina fim ɗin albasa ya fi faɗa mana gaskiya game da kewa, ko da yake ba ita ya sa gaba ba. Albasar Galmi da mutumin Galmi hanya ɗaya suke bi zuwa kurmi. Albasa ta isa, a sayar da ita, kuɗinta ya komo; mutum ya isa, ya zauna. Ɗan Adar da ke zaune a Abijan ko Ankara yana iya tarar da albasar garinsu jibge a kasuwa kowace safiya, ya ɗauka ya shinshina, wataƙila ma ita ce sana'arsa. Gida ya biyo shi har inda yake, a cikin buhu, da farashi a kansa. Wannan ne abin da waƙar Hussey ke kokawa da shi ba tare da an faɗa ba: mutumin da ɗanɗanon gida ke iske shi a baƙon wuri, me zai hanzarta shi komawa? Mun saba ɗaukar kwalin kilishi a matsayin shaidar cewa mutum bai manta da asalinsa ba. Ana iya karanta shi ta ɗaya gefen. Shi ne ke sauƙaƙa zaman nesa, ya mai da shekara uku ta zama ashirin. Abin da na ga ya rage a aikin Magori shi ne bai bi albasar har cikin miya ba. Kyamararsa ta tsaya a gona da kasuwa da dandali, kamar ta magabatansa, ko da yake tasa tana da haƙurin da tasu ba ta da shi.

Ba na cikin masu cewa bambancin ɗanɗano zato ne kawai. Yana da dalilai da ake iya taɓawa. Irin geron da ake shukawa a wata jiha ba shi ne na wata ba; ruwan rijiya da na famfo ba ɗaya suke a baki ba; daudawar batso, da ake yi da ƴaƴan yakuwa, kowace mai yi da kwanakin da take barin ta ta ruɓa; ruwan da ya kwana a randar Mirya ba ya kama da wanda ya kwana a jarka. Kilishi ma haka: kaurin yanka, zafin rana da bushewar iskar da aka shanya shi, haɗin labu, da itacen da aka gasa shi da shi, kowane yana barin alamarsa. A 2023 hukumar OAPI ta miƙa wa Nijar takardun shaidar kare sunan kilishi da albasar Galmi, tare da cuku da fatar jar akuyar Maraɗi. Abin farin ciki ne ga masu sana'a. Amma takardar ta ce kilishin Nijar, mai kewa kuwa ba na Nijar yake nema ba, na mahaucin da ke kwanar gidansu yake nema.

Nan ne maganar shago da rumfa ta shigo, kuma nan ne na fi ganin giɓi a rubuce-rubucenmu. Malamin makarantar da aka ɗauke daga Tawa aka kai Yamai bai rasa sukari ko sabulu ba. Abin da ya rasa shi ne mai tebur da ke rubuta masa bashi har albashi ya fito, ba tare da ya buɗe baki ya roƙa ba, da mai hatsi da ke cika tiya ta tsiri sannan ta ƙara masa gyara domin ta san uwarsa. Gyara ƙaramin abu ne, ɗan tafin hannu, amma ita ce ke gaya wa mai saye cewa an san shi. A sabon gari ana auna masa daidai, ba a cuce shi ba, ba a kuma san shi ba. Sai ya koma gida ya ce geron garin nan ba shi da auki.

Kuma garin da yake kewa bai zauna yana jiran sa ba. Bikin 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi jiha-jiha ya sauya fuskar Maraɗi a 2015, Tawa a 2017, Damagaram a 2018, da sababbin tituna da gine-gine. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A da karin magana ne kan rabon gado da zumunci, yanzu har da taswira. Mutanen Yamai su ma sun ɗanɗana, ba tare da sun tashi ba: ƙaramar kasuwar tsakiyar gari, Petit Marché, inda matan birni suka saba sayen kayan miya, ta ƙone a 2012, sannan a 2016 aka rushe ɗimbin shagunan bakin titi. Wanda ya yi shekara talatin yana sayen tattasai a hannun mace ɗaya ya wayi gari bai san inda ta koma ba. Ban ga dalilin da zai sa a ce kewarsa ba ta kai ta baƙo ba.

Akwai kuma abin da masu santin furar gida ba su cika son a tuna musu ba. Furar da magidanci ke cewa ba a iya irinta a Yamai, wata ce ta tashi tun duhu ta yi sussuka, ta yi surfe, ta wanke, ta daka, ta dafa, ta kirɓa. Injin niƙa da ake zargi da kashe ɗanɗano ya mayar wa wannan mace sa'o'i daga cikin yininta, kuma ba a ji ta tana kewar turmi. Sau da yawa yabon tuwon uwa gugar zana ce ga matar da ke gefe, wadda ita ma daga ofis ko daga aji ta komo. Fim ko labarin da zai ɗauki kewar abinci da gaske dole ya shiga wannan ɗaki, ya ji abin da mai dafawa ke cewa. Ƙungiyoyinmu na wasan kwaikwayo, da suka gwanance wajen fito da rikicin cikin gida, su ne suka fi kusa da iya shi, kuma ba ya bukatar kuɗin zuwa Abijan.

A gidajen nan da ake buɗe kwali da murna akwai wasu da ke tsaye gefe suna kallo, wato yaran da aka haifa a Yamai. Su Zabarmanci ya kama bakinsu a titi tare da Hausa, dambu da kopto na mai tallar ƙofar makaranta shi ne abin marmarinsu, fari masa da burodi su ne karin kumallonsu. Iyaye kan tura su babban hutu Damagaram ko Madawa don su san gida, kaka ta dama musu fura da hannunta, ta zuba nono mai kyau. Su sha don kunya, bayan kwana uku su fara tambayar yaushe za a koma gida.