Ciyawa a Cikin Jimla: Misali Daga Sanarwar Manoman Watari

Tun lokacin da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ƙarƙashin editancin Abubakar Imam, rubutun zube na Hausa yake da mai saurare, ba mai karatu kaɗai ba: mutum guda ya karanta, goma su ji. Haka ƙananan jaridun Hukumar NORLA, irin su Sodangi ta Kano, suka tarar da jama'a a zamanin Yaƙi da Jahilci. Jimlar da za a ji da kunne kuwa ba ta ɗaukar kaya da yawa, domin mai saurare ba ya iya komawa baya.

Wannan ma'auni ne ya kamata a ɗora wa irin sanarwar da ake rubuta wa manoman rani na madatsar ruwa ta Watari, a ƙasar Bagwai. Ga misali da aka ƙera bisa salon da ya zama ruwan dare a irin waɗannan takardu:

(1) Ana sanar da dukkan ɗaukacin manoman da suke gudanar da ayyukan noman rani a wannan yanki cewa, dangane da batun da ya shafi sakin ruwa, za a fara aiwatar da shirin sakin ruwan ne a ranar Asabar mai zuwa.

(2) Manoman rani, za a saki ruwa ranar Asabar mai zuwa.

Kalmomi 39 sun koma 10, ba tare da ma'ana ta yi ciwon kai ba. "Dukkan" da "ɗaukacin" abu guda ne. "Gudanar da ayyukan noma" da "aiwatar da shirin saki" kuwa, aikatau ne aka mayar suna, sannan aka nemo masa wani aikatau ya goya shi. Wannan ɗabi'ar Ingilishin ofis ce da ta shigo ta hanyar fassara. Sanƙiran kasuwa ba ya yin haka, makogwaronsa ma ba zai yarda ba.

Abin lura shi ne, sai da aka yi shema sannan giɓin jimlar ya fito fili. Wace magudana za a buɗe? Da safe ko da la'asar? Manomin da ya baro gida da kwandon dashe yana bukatar waɗannan, amma (1) ba ta faɗa ba, tsawonta ne ya rufa mata asiri.

Sai dai akwai malaman da ke ɗaukar duk wani bayanau ko amsa-kama a matsayin ciyawa, suna bin rubutun ɗalibai da jan biro. Wannan kuskure ne. A jimlar "A jiƙa fangali sharkaf kafin a dasa albasa", kalmar "sharkaf" ita ce ma'aunin ruwan. In aka tuge ta, wani yayyafi kawai zai yi, ya ce ai ya jiƙa, dashensa ya yi yaushi kafin azahar.