Waƙa da Ubangidanta: Sharhi a kan Dandalin EPCOT

Na san akwai daga cikin 'yan'uwana ɗalibai waɗanda za su ce, me ya haɗa mujallar adabi da wurin wasa na ƙasar Amurka? Amsata ita ce, malamanmu sun koya mana cewa duk abin da ɗan Adam ya tsara don ya ba da labari ana iya ɗora shi a ma'auni, a nemi jigonsa, a dubi zubinsa da salonsa, sa'an nan a tambaya wa ya tsara shi, kuma don wa. Dandalin EPCOT, wanda kamfanin Disney ya gina kusa da birnin Orlando a jihar Filorida, labari ne da aka yi da siminti da ƙarfe. Mai kallo ba ya zama wuri ɗaya kamar a gidan silima. Shiga ya ke yi cikin labarin, ko da ƙafa, ko a cikin 'yan kekuna da kwale-kwale, mutum-mutumi masu motsi suna yi masa wasa dama da hagu.

Masoyan wurin sun daɗe suna kuka cewa kwaɗayin riba ya ɓata shi, wai da can hikima ce ke mulki, yanzu kuwa akawu ne. Ni rabin wannan magana na karɓa. Kuɗi na nan tun ran fari. Abin da ya sauya shi ne mai biyan, kuma duk wanda ya nazarci waƙoƙin fada ya san in ubangida ya sauya, waƙa ma sai ta sauya.

Shi kansa Walt Disney bai gina Disneyland, dandalinsa na farko a Kalifoniya, da aljihunsa kaɗai ba. Gidan talabijin na ABC ya zuba dala 500,000, ya kuma tsaya masa wajen cin bashi, ya karɓi wajen sulusin mallakar wurin. Bayan an buɗe a 1955, kamfanoni irin su Monsanto suka kafa rumfunansu a ciki suna tallar hajarsu. Amma abin da ya ke nufi da EPCOT wani abu ne dabam. Sunan taƙaitawa ne na kalmomin Ingilishi masu nufin garin gwaji na rayuwar gobe. A cikin wani fim da ya ɗauka a watan Oktoba na 1966, ya bayyana gari sosai mai mutum 20,000, motoci suna bi ta ƙarƙashin ƙasa, jama'a suna zirga-zirga a jiragen lantarki, ba zaman kashe wando, kowa ɗan haya ne a gidan kamfani. Da wannan alkawari ne jihar Filorida ta ba kamfanin, a 1967, iko irin na ƙaramar hukuma a kan fili mai faɗin eka wajen 27,000. Shi kuwa ya riga ya rasu tun 15 ga Disamba, 1966. Ban ce garin nan da zai yi daɗin zama ba, don garin da ba mai gida sai mutum ɗaya, ai gandu ne. Magadansa dai ba wannan ne ya dame su ba. Sun duba sun ga mazauna gari suna da ƙorafi, suna da ƙuri'a, ga shi kuma ba a yankar masu tikiti kowace safiya. Sai suka riƙe filin da ikon, suka ajiye garin.

Abin da aka buɗe ran 1 ga Oktoba, 1982, a zamanin shugabancin Card Walker, bikin baje koli ne wanda ba ya watsewa. An kashe masa wajen dala miliyan dubu. Rabinsa rumfuna ne na kimiyya da rayuwar gobe, rabinsa kuwa rumfunan ƙasashe tara kewaye da tabki. Kowace babbar rumfa da ubangidanta: Exxon ke da ta makamashi, General Motors ta sufuri, Kraft ta noma da abinci, Kodak ta tunani da ƙirƙira, kamfanin tarho na Bell kuwa ya ɗauki babbar ƙwallon nan ta bakin ƙofa mai ba da tarihin sadarwa. Wani abin lura, a shekarun farko ba a yarda Mickey Mouse da 'yan'uwansa su riƙa yawo a wurin ba, don masu tsarawa sun ce nan maganar duniya ta gaske a ke yi.

To, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tarihin sufuri da aka bayar a rumfar General Motors ya faro daga tafiyar ƙasa, ya bi ta kan doki da keke cikin raha, ya tuƙe a kan mota, ƙofar fita kuwa sai ta zube da mutum a ɗakin da aka jera sababbin motocin kamfanin. A rumfar Exxon an ɗauki mai kallo an ratsa da shi cikin dajin manyan ƙadangarun zamanin da, waɗanda a ke kira dainoso, don ya ga asalin man fetur ya yi mamaki. An lulluɓe rufin ginin da faranta masu zuƙar hasken rana, amma jarumin labarin mai ne da kwal. A wannan shekara ta 1982 masanan Exxon sun rubuta wa shugabanninsu bayani a kan yadda hayaƙin mai zai ɗumama duniya, takardun da 'yan jarida suka tono a 2015. Ko ɗaya daga cikin wannan bai shiga waƙar ba. Makaɗin fada ba ya faɗin yaƙin da sarki ya gudu.

Duk da haka, a nan ne na ke ganin masu kukan suna da hujja. Domin a yabi ubangida mai sayar da lantarki ko mota, tilas waƙar ta yi magana a kan duniya, ta ce ga inda aka fito, ga inda za a. Mafi kyawun misali ita ce rumfar Horizons, wadda General Electric ya ɗauki nauyi, aka buɗe a 1983. Ta fara da nuna yadda mutanen da, irin su marubuci Jules Verne na Faransa, suka zaci gobe za ta kasance, har da ba'a ga kurakuransu. Daga nan ta bi iyali ɗaya: kakanni a birni, 'ya tana noma a hamada har mai kallo ya ji ƙanshin lemo, wasu dangi a ƙarƙashin teku, wasu a sararin sama, suna gaisawa ta tarho mai hoto. A ƙarshe fasinjoji ke danna maɓalli su zaɓi hanyar komawa gida. Talla ce, babu shakka. Amma tana da jigo, watau cewa na'ura ba za ta raba zumunci ba, kuma yaro na iya fita daga cikinta yana gardama da abin da ya gani. Aikin da za a iya yin gardama da shi ya cancanci a kira shi adabi.

Rumfunan ƙasashe su ma sun nuna wannan doka, kuma a nan abin ya shafe mu. A shirin talabijin na bikin buɗewa, Alex Haley, marubucin littafin Roots, ya tsaya gaban samfurin rumfar Afirka ta tsakiya yana bayanin cewa tana nan tafe. Ba a sami mai biya ba, ba a gina ta ba. Filin da aka keɓe mata, tsakanin rumfar Sin da ta Jamus, ya zama wurin sayar da abin sha da 'yan sassaƙe-sassaƙe. Maroko kaɗai ta shiga daga nahiyarmu, a 1984, saboda gwamnatinta ta biya, Sarki Hassan na biyu kuma ya aiko da maginansa suka yi aikin ado da hannunsu, suka kwaikwayi hasumiyar Kutubiyya ta Marrakesh da wata ƙofar birnin Fas. Shi ya sa har masu sukar wurin su kan sassauta in sun zo kanta. Sauran Afirka sai a 1998 ta sami shiga, a wani dandali na dabam, Animal Kingdom, a matsayin ƙauyen ƙage da dajin kallon giwa da raƙumin dawa. Taswirar duniya a EPCOT taswirar masu iya biya ce.

Sauyi na biyu ya faro a 1984. Wani ɗan kasuwar hannun jari, Saul Steinberg, ya tara hannun jarin Disney da nufin ya saye kamfanin ya sayar da shi gunduwa-gunduwa. Sai da aka biya shi wajen dala miliyan 325 ya saki. Aka sauke Ron Miller, surukin Walt, aka ɗauko Michael Eisner da Frank Wells daga waje. Darasin da kamfanin ya koya shi ne, duk dukiyar da ba ta haihuwa sosai, wani zai zo ya ƙwace ta. Eisner ba rago ba ne, ya gina otal-otal da sababbin dandali, amma ya ɗaga kuɗin shiga a kai a kai, ya kuma ga EPCOT ta cika wa'azi, sai ya shigo da Mickey da fim ɗin Michael Jackson. Bayan asarar da aka tafka a dandalin Faransa, wanda aka buɗe a 1992, da rasuwar Wells a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a 1994, sai hannu ya ƙanƙame. Iyayen gida na waje su ma suka fara janyewa. General Electric ya tafi a 1993, aka rufe Horizons a Janairun 1999, aka rushe ta. Rumfar Kodak tana da wasu taurari biyu da aka ƙaga musamman dominta, wani dattijo mai jan gemu, Dreamfinder, da ɗan dodonsa mai launin shunayya, Figment. A 1999 aka sake ta da araha, aka gajarta tafiyar, aka kori dattijon, dodon ma sai ɗan leƙe. Jama'a suka yi ta ƙorafi har aka rufe a 2001, aka maido da Figment a 2002. Dattijon bai koma cikin tafiyar ba.

Bob Iger, wanda ya gaji Eisner a 2005, shi ya samo maganin rashin ubangida. Ya sayi Pixar a 2006, Marvel a 2009, Lucasfilm a 2012. Kamfanin da ya kashe dubban miliyoyi a kan taurarin fim dole ya nemar masu aiki. Rumfar Norwe tana da tafiyar kwale-kwale da ke nuna mayaƙan teku na da, da dodannin tatsuniyar ƙasar, da rijiyar mai a Tekun Arewa. Aka rufe ta a 2014, aka sa labarin fim ɗin Frozen a 2016, wanda ke faruwa a wata masarauta da babu ita a ko wace taswira. Rumfar makamashi ta rufe a 2017, a 2022 ta zama jirgin lilo na jaruman Marvel. A 2021 ma aka soke sunan nan na Duniyar Gobe daga rabin dandalin. Ba na musun gwanintar injiniyoyin, kuma yara suna so, don ranar da aka buɗe Frozen layi ya kai na awa biyar. Sukata ta adabi ce. Da, makaɗi na yabon wani, saboda haka dole ya fito waje ya dubi duniya, ko da da ido ɗaya ne. Yanzu makaɗi da ubangida mutum ɗaya ne. Fim na tura ka dandali, dandali na tura ka kanti, kanti na tuna maka fim. Yarinyar da ta fito daga rumfar Norwe ba ta ƙaru da komai game da Norwe ba, ta dai sake ganin abin da ta riga ta gani a gida.

Saura maganar layi, wadda a ganina ta fi sauran ciwo. A 1982 dala 15 a ke shiga. A 2015 tikitin yini ɗaya na Magic Kingdom, maƙwabciyar EPCOT, ya haura dala 100. Tsada kaɗai ba ta sauya labari, tana dai rage masu sauraro. Amma tun 1999 akwai wani tsari, FastPass, wanda kowa ke iya karɓar lokaci kyauta ya dawo ya shiga ba dogon jira. A watan Oktoba na 2021, a zamanin Bob Chapek, aka maye gurbinsa da Genie+, dala 15 kowane mutum kowace rana, daga baya a ranakun cunkoso ya haura ninki biyu, wasu abubuwan hawa kuma sai an biya dabam. Ku duba abin da wannan ke nufi. Tsawon layi ya zama haja. Mai wurin da ya kamata ya ji kunyar dogon layi, yanzu yana cin riba da shi, iyalin da ba su biya ba kuwa suna tsaye a rana suna kallon waɗanda suka biya suna wuce su. Wannan ma labari ne da dandalin ke ba yara, kuma sun fi saurin gane shi bisa ga na makamashi.

Masoya sun ɗora laifin duka a kan Chapek, suka yi murna sa'ad da hukumar darektoci ta sallame shi a Nuwamban 2022 ta maido da Iger. Ruwa dai ba ya tsami banza. Chapek ya shugabanci sashen dandali daga 2015 a ƙarƙashin Iger ɗin nan, kuma bayan tafiyarsa ba a daina sayar da layi ba, suna kawai aka sauya masa a 2024. A shekarar kuɗi ta 2024, sashen dandali da jiragen yawon teku ne ya kawo fiye da rabin ribar aikin kamfanin baki ɗaya. Saniyar da ke ciyar da gida haka, ko wa aka ba makiyayinta, umurnin da masu hannun jari za su ba shi ɗaya ne.

Su kansu masu kukan, kamfanin ya san darajarsu a kasuwa. Kantunan dandalin sun sha sayar da riguna da bajoji masu tambarin rumfunan da aka rushe, Horizons na ciki. A watan Janairu na 2022 aka fito da bokitin gugguru mai siffar Figment, dodon nan da aka taɓa kora don tsimi, a kan dala 25. Manya, ba yara ba, suka yi layi na awoyi a ranar farko, wasu har wajen awa shida, alhali tafiyar Figment ɗin kanta, can ɗaya gefen dandalin, ba kasafai a kan jira ta fiye da 'yan mintoci ba.