Gwanin Sayen Faifai

Ludwig van Beethoven ya rasu a birnin Biyana a 1827, shekara hamsin cif kafin Thomas Edison ya ƙera na'urar farko da ke naɗar sauti ta maimaita shi. Saboda haka duk duniya a yau babu wanda ya taɓa jin yadda mutumin ya kaɗa abinsa da hannunsa. Takarda ya bari, cike da alamomin da ke cewa wannan goge ya shigo nan, wancan ƙaho ya yi shiru can, a sassauta, a ƙara wuta. A nan ne kiɗan Turawa na dauri ya rabu da namu. Mu a wurinmu mai waƙa shi ne waƙar: in kana son Bakandamiya, muryar Shata kake nema, duk da cewa shi kansa ya rera ta a lokuta dabam-dabam, kuma tsofaffin masu kaset kowa da wadda yake rantsuwa da ita. Su kuwa can, mai tsara kiɗan ya daɗe a kushewa, sai kowane zamani ya fito da makaɗansa su buɗe takardar nan su karanta yadda suka fahimta.

Shi ya sa in ka shiga kantin faifai a Landan ko Balin ka ce a ba ka Simfoni na Biyar na Beethoven, mai kanti zai tambaye ka: na wa? An naɗi wannan kiɗa sau ɗaruruwa. Herbert von Karajan shi kaɗai ya naɗi simfoni tara na Beethoven gaba ɗaya har sau huɗu a situdiyo, ɗaya tare da makaɗan Landan a shekarun 1950, uku tare da makaɗan Berlin Philharmonic, a farkon shekarun 1960, da tsakiyar na 1970, da kuma na 1980. Wanda bai sani ba zai ga suna ɗaya da hoton dattijo ɗaya a bango, ya ɗauki wanda ya fi sabunta. Wanda ya sani, sau da yawa na 1963 zai miƙa wa hannu. Wannan mutum na biyu, mai sanin abin da ke bayan bango, shi ne nake jinjina wa, domin gwanintarsa ba a makaranta ake koyar da ita ba, kuma shi kansa sau tari ko fiyano bai iya taɓawa ba.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne na Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan ƙasar Kanada. A 1955, yana da shekara 22, ya naɗa wa kamfanin Columbia wani aikin Johann Sebastian Bach mai suna Goldberg Variations, ya gama cikin minti 38 da ɗoriya, yatsu na gudu kamar ana kora. A 1981 ya koma situdiyon nan dai da ke birnin New York, ya sake naɗar aikin, wannan karon ya ci minti 51. Takarda ɗaya, mutum ɗaya, ɗaki ɗaya, amma wanda ya saurari biyun zai ce ba mahaifi ɗaya ba. Na farko ƙuruciya ce tsagwaronta. Na biyu na mutum ne da ya nutsu, yana auna kowane amo kafin ya sake shi, kuma bai fi 'yan makonni da fitowar faifan ba Gould ya rasu, a watan Oktoba na 1982. A duka biyun kana jin sa yana ɗan gunaguni da baki yana bin kiɗan, ɗabi'ar da injiniyoyi suka kasa raba shi da ita. Wasu na jin haushin hakan, ni kam ba ta taɓa damuna ba.

To ga inda gwani yake bambanta da ɗan koyo. Ɗan koyo zai dubi mintuna ya yanke hukunci cewa na 1981 duk a hankali aka kaɗa shi. Gwani ya san Bach ya sa alamar maimaitawa a kowane sashe, kuma a 1955 Gould ya tsallake su duka, a 1981 ya maimaita wasu. Ashe wani ɓangare na ƙarin mintunan nan daga maimaici ya zo. Lambobin da ke bayan bango suna faɗin gaskiya, amma sai ga wanda ya san tambayar da zai yi musu.

Bayan bango, ai nan ne gonar gwani. Kafin ya dubi hoton gaba ya riga ya juya faifan. Abu na farko da idonsa ke nema shi ne shekarar da aka yi naɗin, wadda galibi ake ɓoye ta cikin ƙananan haruffa, domin kamfanoni sun ƙware wajen yi wa tsohon naɗi sabuwar riga su buga shekarar bana da manyan baƙaƙe. Sai wurin da aka yi shi, domin ɗaki ma yana da murya. Masu sha'awar faifan Decca sun san amon zauren Sofiensaal na Biyana, inda Georg Solti da furodusa John Culshaw suka shafe daga 1958 zuwa 1965 suna naɗar jerin opera huɗu na Wagner da ake kira Ring. Sai lambar aikin. Mozart da Bach sun rubuta ayyuka masu kama da suna bila adadin, don haka aka yi musu rajista: na Mozart suna ɗauke da harafin K, daga sunan Ludwig von Köchel da ya jera su a 1862, na Bach kuma BWV. Wani lokaci har sai an tambayi wace siga ce, tunda Mozart ya rasu a 1791 bai ƙarasa Requiem ɗinsa ba, almajirinsa Süssmayr ne ya cike, daga baya wasu masana suka yi nasu cikon, kuma kowanne akwai faifansa a kasuwa.

Akwai kuma haruffa uku da suka yi tashe bayan Sony da Philips sun fito da faifan CD a 1982: AAD, ADD, DDD. Suna nuna ko da tsohon tef aka yi naɗin ko da na'urar dijital. A wancan lokaci mutane da yawa sun ɗauka DDD ita ce tambarin inganci, suka yi ta watsi da tsofaffin faifansu. Masu kunne ba su bi yarima sun sha kiɗa ba. Sun san cewa abin da injiniyoyin RCA suka naɗa a Chicago tare da Fritz Reiner a shekarun 1950, da makirufo biyu ko uku kacal, har yau yana kunyata naɗin da aka yi da makirufo talatin. Abin dariyar shi ne, da kamfanin Sony ya tashi sake fitar da Goldberg na 1981 a shekarar 2002, sai ya ajiye naɗin dijital ɗin ya koma ga tsohon tef da aka ɗauka a gefe don ko-ta-kwana, saboda ya fi daɗin ji.

Tsufan sauti ma ba ya korar gwani. Pablo Casals ya naɗi ayyukan Bach shida na babban gogen nan cello tsakanin 1936 da 1939, zamanin faifan garmaho da kowane gefe bai wuce minti huɗu zuwa biyar ba, kuma kana jin shuu a ƙarƙashin kiɗan daga farko har ƙarshe. Tosca da Maria Callas ta rera a Milan a 1953 ƙarƙashin jagorancin Victor de Sabata ba sitiriyo ba ce. An yi wasu da dama bayansu da na'urori na gani na faɗa, amma waɗannan biyun ba su taɓa barin kasuwa ba. Minti biyar na farko kunne ke jin shuu ɗin, daga nan sai ya manta da shi, muddin abin da ke sama ya isa.

Yadda gwani yake sauraro shi ne ya fi burge ni. Ba ya zama ya ji faifai goma daga kai har wutsiya. A kowane aiki yana da wurare biyu ko uku da ya haddace, inda ya san makaɗi ba shi da wurin ɓuya. A Simfoni na Biyar, kowa ya san bugu huɗun nan na buɗewa, amma shi can gaba yake zuwa, ƙarshen kashi na uku, inda komai ke lafawa sai ganga kaɗai tana bugawa ƙasa-ƙasa, goge na lallaɓawa a kanta, har abin ya kumbura ya fashe cikin kashi na huɗu da manyan ƙahoni da tun farkon kiɗan ba su ce uffan ba. Jagoran da ya yi garaje ya saki ƙarfin da wuri ya zubar da abin. Injiniyan da ya ɗaga sautin wurin shirun don a ji shi cikin mota, shi ma ya zubar. Carlos Kleiber, mutumin da ya ƙi jinin situdiyo har faifansa ba su da yawa, ya naɗi wannan simfoni da makaɗan Vienna Philharmonic a 1974, kuma daga wannan gaɓa kaɗai za ka gane dalilin da ya sa shekara hamsin ke nan ana sa shi a sahun gaba.

Ba wai akwai amsa ɗaya ba. Simfoni na Tara a hannun Arturo Toscanini a 1952 wajen minti 65 ne, a hannun Wilhelm Furtwängler a bikin Bayreuth na 1951 kuwa minti 74, kuma kowannensu yana da mabiya da ba sa ga maciji da juna. Daga baya wata ƙungiya ta taso, su Nikolaus Harnoncourt da Roger Norrington da John Eliot Gardiner, suka ce a koma ga kayan kiɗan zamanin mai aikin, tsirkiyar hanjin dabba maimakon ta ƙarfe, makaɗa kaɗan, kuma a girmama lambobin sauri da Beethoven ya rubuta da kansa, waɗanda manyan jagorori suka daɗe suna cewa sun yi gudu da yawa. Gwani na ainihi ba ya shiga jam'iyya. Yana da Furtwängler a kanta ɗaya, Gardiner a ta kusa da ita, ya san ranar da yake buƙatar kowanne.

Yana karatu kuma. Mujallar Gramophone tana fitowa a Ingila tun 1923, lokacin da marubuci Compton Mackenzie ya kafa ta. Littafin jagora na Penguin, wanda Ivan March da Edward Greenfield da Robert Layton suka daɗe suna haɗawa, a zamaninsa taurari yake rabawa, da wata 'yar fure ga faifan da ya fita daban. Gidan rediyon BBC Radio 3 yana da wani sashe mai suna Building a Library a shirinsa na ranar Asabar, inda masani ɗaya zai ɗauki aiki ɗaya ya yi ta jera naɗe-naɗensa yana zubarwa har ya rage guda. Gwani yana bin su duka, amma ya san halin kowane mai sharhi, ya san wanda ke karkata ga makaɗan ƙasarsu, sai ya rage wa maganarsa gishiri. Haka nan tsada ba ta ruɗarsa. Da Klaus Heymann ya kafa kamfanin Naxos a Hong Kong a 1987 yana sayar da CD da araha, da makaɗan gabashin Turai da ba a san sunansu ba, manyan kamfanoni sun yi masa kallon raini. Masu kunne suka saurara, suka tsince masu kyau, suka bar sauran.

A kasuwar gwanjo, in faifan roba ne na da, zai zare shi ya karkata shi ga haske ya nemi ƙarzuwa, ya dubi bakin ramin tsakiya, domin nan ne ake gane faifan da ya sha juyi. Manhajojin sauraro ta intanet sun rage wannan wahala, amma sun kawo tasu: an gina su ne don mawaƙi ɗaya da waƙa ɗaya, ga shi nan kuma akwai mai tsarawa, da jagora, da ƙungiya, da mai kaɗa fiyano, sannan shekarar naɗin sau da yawa ba a rubuta ta daidai.

Amfanin tambayar "a ina, yaushe, da wa" ya fito fili a badaƙalar Joyce Hatto. Baturiyar Ingila ce mai kaɗa fiyano da ta daina fitowa bainar jama'a tun 1976. A ƙarshen rayuwarta sai faifai sama da ɗari suka yi ta fitowa da sunanta daga ɗan ƙaramin kamfanin mijinta, William Barrington-Coupe, tare da labari mai sosa zuciya na mace mai fama da ciwon daji tana naɗar kiɗa a ɓoye. Manyan masu sharhi suka yi ta yabo, ta rasu a 2006 ana yi mata kirari. Wasu masu tara faifai sun yi ta tambaya ta yaya mara lafiya za ta kaɗa duk wannan, kuma a wane zaure, aka ce musu hassada ce. A farkon 2007 wani mai sauraro a Amurka ya sa faifanta na Liszt a kwamfuta, sai iTunes ya nuna sunan László Simon, ɗan ƙasar Hungary, na kamfanin BIS. Mujallar Gramophone ta sa aka gwada sautukan biyu a na'ura, suka hau kan juna daram. Da aka ci gaba da tono sai aka iske na Vladimir Ashkenazy da na Yefim Bronfman da na wasu da yawa, an ɗan ja wasu, an ɗan matse wasu don a ɓad da sawu. Mijin ya amsa laifi a wasiƙar da ya aika wa shugaban BIS. A bayan bangon wasu daga cikin waɗancan faifai an rubuta cewa wani René Köhler ne ya jagoranci makaɗan, har da tarihin rayuwarsa. Masu bincike sun bi makarantu da kundayen rajista, ba su sami wani jagoran makaɗa mai wannan suna da ya taɓa rayuwa ba.