Jinjina ga 'Yan Mazan Jiya na Garwa

'Yan mazan jiya na Garwa su ne samarin da suka shiga sojan Faransa bayan Kamaru ta koma ɓangaren Janar de Gaulle a Agustan 1940. Wasu sun bi kwamandan Faransa Leclerc ta Chadi, suka ratsa Sahara zuwa Libiya, ƙishirwa na cin su, rairayi na toshe bindigoginsu. Da suka dawo unguwanni irin su Poumpoumré, suka kama noma da gadi, suka aurar da 'ya'ya, suka riƙe marayun 'yan'uwa, lambobin yabo na lulluɓe cikin akwati. Faransa ta daskarar da fanshonsu a 1959, zalunci ƙarara. Ba ta daidaita kuɗin yaƙinsu da na Faransawa ba sai 2007, lokacin akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya.