Miƙa Littafi ga Mai Karatu: Matsayin Jiki Magayi a cikin Jerin Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa koyar da adabin Hausa, ko ya zauna a shagon sayar da littattafai, ya san wata tambaya wadda ba ta ƙarewa. Ɗalibi zai zo ya ce, "Malam, na gama wannan, wanne kuma zan karanta?" Amsar da aka saba bayarwa kusan guda ce, wato Magana Jari Ce, da Ruwan Bagaja, da Shaihu Umar, wani lokaci a haɗa da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Waɗannan littattafai sun cancanci a ambace su, babu ja. Abin dubawa shi ne, galibi ana jera sunayensu ne ba tare da an tambayi mai karatun abin da ya karanta a baya ba, balle a gaya masa dalilin da ya sa aka zaɓa masa wannan aka bar wancan.

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta nuna cewa miƙa littafi ga mai karatu wani ɓangare ne na aikin tarke, kuma ya kamata a yi shi bisa dangantakar da ke tsakanin littattafai ta fuskar jigo da zubi. Za a gwada wannan ra'ayi da littafi guda, wato Jiki Magayi na John Tafida Wusasa da Rupert East, wanda a ganina an rage masa matsayi a bakin masu ba da shawara, alhali kuwa shi ya fi kusa da abin da masu karatu suka fi nema tun daga shekarun 1980.

2.0 Hanyoyin da Littafi Kan Bi Ya Isa ga Mai Karatu

Idan aka dubi tarihin ƙagaggun labaran Hausa na boko, za a ga hanyoyi uku da littafi kan bi ya yi suna.

Hanya ta farko ita ce gasa. A shekarar 1933 Rupert East, wanda ke jagorancin hukumar fassara da talifi a Zariya, ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa. A sanadin wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar a tsakiyar shekarun 1930: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Gandoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi. Haka kuma gasar Kamfanin NNPC ta haifar da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, waɗanda aka buga a 1980. Daga baya, a 1982, aka sami Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya daga gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya.

Hanya ta biyu ita ce manhajar makarantu. Littafin da hukumomin jarrabawa suka sanya a jadawali dole a sake buga shi, dole ɗalibai su saya, kuma sunansa ya zauna a ka. Sai dai ɗalibin da ya karanta littafi don cin jarrabawa yakan haddace sunayen taurari da jigo, ya amsa tambaya, sannan ya ajiye.

Hanya ta uku ita ce baki da baki. Wannan ita ta ɗauki littattafan da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, tun daga tsakiyar shekarun 1980. Marubuci ya buga da kuɗinsa, ƙawa ta ara wa ƙawa, mai shago ya ba da haya, gidan rediyo ya karanta a shiri. A nan mai ba da shawara ya san wanda yake ba wa, domin ya san abin da ya sa ta kuka a littafin da ta dawo da shi jiya.

Matsalar ita ce hanya ta biyu da ta uku sun daɗe ba sa ga maciji. Malamai da dama sun ɗauki littattafan kasuwa a matsayin abin ɓata tarbiyya, su kuma masu karanta su suna kallon tsofaffin littattafai a matsayin kayan aji. Sakamakon haka sai aka sami masu karatu dubbai waɗanda ba su san cewa labarin da suke so yana da kaka ba.

3.0 Jiki Magayi a Taƙaice

Labarin ya faru ne a garin Galma. Wani saurayi, Abubakar, yana neman wata yarinya mai suna Zainab, suna kuma son juna. Sai wani attajiri, Malam Shaihu, wanda Allah ya ba dukiya amma bai ba shi haihuwa ba, ya shiga neman, yana sa ran samun ɗa daga gare ta. Ƙarfin dukiya ya yi aikinsa, aka ɗaura aure da shi. Abubakar ya bar gari da ƙudurin ramuwa, ya sha baƙar wahala wajen neman asirin da zai lalata abin da za a haifa. Aka haifi yaro, ana kiransa Kyauta. Yaron ya tashi da sata, ya zubar da mutuncin gidansu, ya shiga duniya, a ƙarshe kuma ya kashe mahaifinsa ba tare da ya san shi ne ba. Shi ma Abubakar bai ci ribar komai ba.

4.0 Abin da Ya Bambanta Shi da Tsararrakinsa

4.1 Zubi

Ruwan Bagaja an gina shi ne bisa tafiya. Alhaji Imam ya fita neman ruwan magani, yana haɗuwa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman daga wannan gari zuwa wancan, suna yi wa juna ƙeta. Da za a cire ɗaya daga cikin waɗannan haɗuwa, ko a sauya musu jeri, labarin ba zai rushe ba. Haka ɓangaren Gandoki na biyu yake, inda jarumin ya shiga duniyar aljannu yana yaƙi bayan yaƙi. Wannan zubi na ƙwarya cikin ƙwarya gado ne daga tatsuniya da hikayoyin Larabawa, kuma Abubakar Imam ya kai shi maƙura a Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939.

Jiki Magayi ya bi wata hanya dabam. Kowane mataki a cikinsa ɗan matakin da ya gabace shi ne. Rashin haihuwa ya kawo kwaɗayin auren, auren ya kawo ƙullaci, ƙullacin ya kawo asiri, asirin ya kawo sata, satar ta kawo kisa. Ba a iya zare ko ɗaya a bar sauran a tsaye. A cikin littattafan nan biyar, Shaihu Umar kaɗai ya kusance shi wajen wannan ɗinki, sai dai shi Umar galibi abubuwa ne ke samunsa, ƙaddara na tura shi daga hannu zuwa hannu har hayin Sahara. Mutanen Jiki Magayi su ke zaɓen abin da suka aikata, su kuma girbe shi.

4.2 Taurari

A labaran wancan zamani an saba da gwani da mugu. A nan kuwa mai karatu yakan fara da tausayin Abubakar, domin shi aka zalunta, amma kafin a kai tsakiya sai ya ga wanda aka zalunta ya zama azzalumi, ya sauke fushinsa a kan jaririn da bai san hawa ba bai san sauka ba. Malam Shaihu kuma, wanda aka fara jin haushinsa, ya koma abin tausayi. Hatta sunan yaron yana ɗauke da ma'ana. Bahaushe kan kira ɗan da aka samu bayan dogon jira da suna Kyauta, to ga kyautar ta zama ajalin wanda ya fi kowa ɗokinta.

4.3 Jigo

Gandoki da Shaihu Umar sun dubi manyan al'amuran tarihi, wato zuwan Turawa da cinikin bayi. Jiki Magayi ya shiga cikin gida. Tambayarsa ita ce, me kan biyo baya idan kuɗi ya raba masoya? Wannan ita ce tambayar da marubuta suka dawo kanta bayan kimanin shekara 50.

5.0 Dangin Jiki Magayi

Wanda ya karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, ya san yadda dangin Sumayya suka fifita mai kuɗi a kan Muhammad, har ta faɗa rijiya. Wannan shi ne ƙullin Galma, sai dai an juya fitilar ta haska yarinyar. Wanda ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, ya ga yadda Alhaji Abdu ya wulaƙanta Rabi da 'ya'yanta saboda sabuwar amarya, da yadda abin ya dawo kansa. A nan ma hakki ne ke bin mai shi har gida. Wanda kuma ya karanta Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, inda saurayi ya bar ƙauye birni ya lalata shi, zai gane ɗan'uwan Kyauta.

Ba ina cewa waɗannan marubuta sun kwaikwayi Tafida da East ba ne. Abin da nake nufi shi ne matsalar guda ce, kuma mai karatun da ya ji daɗin ɗaya yana da mabuɗin shiga ɗayan. Saboda haka idan ɗaliba ta dawo da In Da So Da Ƙauna ta ce a ba ta wani, miƙa mata Gandoki don kawai ya tsufa bai yi mata adalci ba. A ba ta Jiki Magayi, a ce ta duba yadda aka ba da irin wannan labari a zamanin kakanninta, ta kuma lura da wanda aka bai wa baki ya yi magana da wanda aka hana.

6.0 Inda Littafin Ya Gaza

Shawara ta gaskiya ba ta ɓoye aibi. Na farko, Zainab ita ce tushen rikicin, amma ba a zauna da ita an ji abin da ke ranta yadda ya kamata ba. Maza ne ke jayayya, ita kuwa abin jayayya ce. Sai da mata irin su Hafsat Abdulwaheed da Balaraba Ramat Yakubu suka ɗauki alƙalami aka cike wannan giɓi. Na biyu, ɗora lalacewar Kyauta a kan asiri ya rage nauyin tambayar tarbiyya, domin mai karatu na iya cewa da ba a yi masa sammu ba da ya shiryu, alhali gatan da ake nuna wa ɗa tilo a gidan mai arziki ya isa abin nazari. Na uku, littafin gajere ne ƙwarai, ƙarshensa kuma ya zo da gaggawa. Na huɗu, sunan East a bangonsa ya sa wasu manazarta suna ganin ɗinkin labarin na Turawa ne. Ko da an karɓi haka, ramuwar gayya da tsoron alhaki da neman asiri duk kayan cikin gida ne, kuma mai karatu Bahaushe ba ya jin baƙunci a Galma.

7.0 Kammalawa

An ga cewa gasa da manhaja da bakin jama'a kowanne yana da irin littafin da yake ɗagawa, kuma rashin jituwarsu ya raba masu karatu gida biyu. An kuma ga cewa Jiki Magayi, ta fuskar zubi da taurari da jigo, shi ne ya fi dacewa ya haɗa gidajen nan. Don haka ina ba da shawara ga malaman adabi da ma'aikatan ɗakunan karatu da masu sayar da littattafai su riƙa tsara jerinsu dangi-dangi, tsoho kusa da sabo, kowane suna da jimla ɗaya ko biyu ta dalili. Haka kuma ya kamata a riƙa tambayar mai karatu abin da ya gama kafin a miƙa masa wani. Sauran aiki ya rage ga manazarta su bi sawun Idon Matambayi ta irin wannan hanya, domin labaran ɓarayi da 'yan daba da suka biyo baya su ma suna neman a gano musu asali.