Aska ko wuƙa? Sharhi kan fassarar sunayen aikin babbar riga

1. Gabatarwa

Babbar riga mai aikin hannu tana cikin kayan ƙasar Hausa da baƙi suka fi yin rubutu a kansu. Tun a 1851 matafiyin nan na Jamus, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya biyo ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano, ya kuma bayyana yadda tufafin birnin ke kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. A ƙarni na 20 bincike ya ƙara zurfi. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shirya nunin kayan fasahar Hausawa a Landan a 1976, ya kuma kammala kundin digirinsa kan surfanin tufafin Hausa a 1979. Labelle Prussin ta fitar da littafinta mai suna Hatumere a 1986, a kan zane-zanen Musulmin Afirka ta Yamma. Colleen Kriger kuwa ta yi nazarin rigunan daular Sakkwato a 1988. Waɗannan ayyuka sun adana hotuna da sunaye waɗanda da sun salwanta, kuma babu mai musun amfaninsu. Abin da wannan sharhi zai duba guda ɗaya ne: yadda aka fassara sunayen aikin riga zuwa harsunan Turai, da ma'anonin da aka ɗora bisa wannan fassara, da kuma abin da hakan zai iya jawo wa littattafan yaƙi da jahilci.

2. Kalmar aska

Sanannen aikin babbar riga shi ne wanda ke gaba, a kan aljihu da gefen wuya, inda ake jera wasu dogayen zane masu tsini, bakinsu na kallon ƙasa. Maɗinka suna ƙidaya su, su kira aikin da yawansu: aska biyu, aska takwas, aska tara. Daga nan sunan ya rufe rigar baki ɗaya, har a ce wane ya fito da aska takwas ranar salla, ba tare da an ambaci riga ba.

Rubuce-rubucen Ingilishi da bayanan da ake liƙawa a gidajen tarihi sun saba fassara aska da kalmar da ke nufin wuƙa, kuma duk wanda ya juya su zuwa Faransanci zai faɗa kan couteau, alhali rasoir ya fi kusa. A Hausa aska ta wanzami ce. Da ita ake aski, da ita ake yi wa jariri ranar suna, da ita ake tsaga. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 duka sun san ta da wannan ma'ana. Gaskiya ne aska ƙarfe ce mai kaifi, saboda haka fassarar ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Sai dai Hausa ta raba ƙarafa masu kaifi gida-gida: wuƙa ta mahauci ce da mai ɗamara, takobi na mayaƙi ne, lauje na mai girbi, aska kuwa ta gyaran jiki. Da maɗinka sun ga makami a jikin rigar, ba su rasa kalmar da za su kira shi da ita ba.

Illar wannan ɗan bambanci ita ce, da zarar an rubuta wuƙa, sai tunanin mai karatu ya tafi ga yaƙi da tsari. Shi ya sa ake yawan cin karo da bayanin cewa wuƙaƙen suna kare mai sanye da rigar daga sharri. Mai yiwuwa ne wasu masu riga sun yi wannan imani, amma sunan da kansa bai faɗi haka ba. Akwai ma wata hanya da fassarar ta toshe. A bakin Hausawa aska tana nufin zanen fuska, kamar yadda ake cewa askar Gobirawa a Tibiri da kewayenta, kuma shi ma wannan zane ƙidaya shi ake yi. Ke nan harshen ya riga ya saba haɗa aska da lamba wajen kiran layukan da aka jera don ado ko don shaida. Wannan bai tabbatar da cewa aikin riga daga zanen fuska ya fito ba, amma tambaya ce da ta cancanci a kai ta gaban maɗinka, kuma wanda ya karanta wuƙa ba zai taɓa yin ta ba.

3. Gida, tambari da dagi

Kusa da asake ana samun wani zane mai kusurwa huɗu da aka rarraba, wanda littattafan suke kawowa da sunan gidan biyar. Prussin tana cikin masu ganin dangantaka tsakanin irin waɗannan zane da hatimin malamai, kuma ra'ayin yana da madogara. Sau da yawa wanda ke zana aikin a kan yadi da alƙalami da tawada, kafin maɗinki ya bi da allura, malami ne ko almajiri, wato hannun da ya saba zana hatimi da zayyanar allo. Haka nan ramukan hatimi ana kiran su gida. Amma kalmar gida ba ta malamai kaɗai ba ce. Ramin dara ma gida ne, shi ya sa ake cewa dara ta ci gida. Duk fili da aka yanka kashi-kashi, kowane kashi gida ne. Saboda haka tarayya a kalma ɗaya ba ta isa hujja ba. Akwai kuma abin lura na nahawu: gidan biyar dabam, gida biyar dabam. Na farko gida ɗaya ne da aka jingina ga biyar, na biyu gidaje ne guda biyar. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, kuma fassara ba kullum take kiyaye shi ba.

Tambari shi ne kewayayyen zanen da ake yi a ƙirjin riga da bayanta. Sunansa na gangar sarauta ne, kuma kamannin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa kallon fuskar tambari daga sama. Dagi kuwa, sarƙaƙƙen zanen da ake gani a riga da hula da bango da kayan dukawa, wanda ya zama alamar Jihar Arewa ta Nijeriya a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, ana fassara shi da kalmar da ke nufin ƙulli. Ƙulli bayanin siffarsa ne, ba ma'anar sunansa ba, domin dagi a asali tafin ƙafar zaki ne ko damisa ko kyanwa. Akwai kuma ƙwaɗo da linzami, wanda ya haɗa abin rafi da kayan doki a suna ɗaya.

Idan aka jera waɗannan sunaye, wani tsari zai fito fili. Kayan aikin malami sunayensu daga Larabci suke: hatimi, alƙalami, tawada, allo. Haka ma aljihu, da alharini, wato silikin nan mai ja da fatake suke kawowa ta hamada. Amma sunayen zanen, irin su aska da gida da dagi da ƙwaɗo, na abubuwan da ake gani kullum ne a gida da daji. Linzami aro ne a bayyane, amma shi ma ta hanyar doki ya shigo. Irin wannan suna na kamance ya game sana'ar gaba ɗaya: farin silikin daji da ake aiki da shi ana kiran sa tsamiya, da sunan itacen da ake samun tsutsarsa. Da zanen sun zo a matsayin asiri daga littattafan malamai, da an sa ran wasunsu su riƙe sunan Larabci. Abin da harshe ya nuna shi ne sunayen na sana'a ne, waɗanda mai saye da maɗinki ke amfani da su don su fahimci juna kan yawan aiki da kuɗinsa.

4. Iyakar hujjar harshe

Wajibi ne a faɗi inda wannan hujja ta tsaya. Suna yana iya zama ƙanen zane da shekaru masu yawa. Binciken Kriger ya nuna cewa rigunan ƙarni na 19 ba aikin Hausawa kaɗai ba ne, masaƙa da maɗinkan Nufe da Ilori suna da hannu babba a ciki, kuma kalmar girken Nufe shaida ce. Saboda haka yana yiwuwa zane ya fito daga wani wuri da wata ma'ana, Hausawa su raɗa masa suna bisa abin da idonsu ya gani. Harshe ba zai faɗi asalin zane ba. Abin da zai faɗa shi ne yadda masu shi suka ɗauke shi, kuma wannan shi ne abin da fassarar ta ɓata.

5. Abin da ya shafi masu tsara yaƙi da jahilci

Matsalar ba ta masana tarihi kaɗai ba ce. A Nijar, mai shirya ɗan littafi kan sana'o'i yakan fara da takardun Faransanci, sannan ya juya zuwa Hausa. Ta wannan hanya aska takwas tana iya fita gida ta dawo a matsayin wuƙa takwas, dagi ya dawo ƙulli. Maɗinkin Damagaram ko na Maraɗi da ya zauna a aji bayan la'asar, ya tarar an ɓata sunan abin da ya fi kowa sani, da wuya ya yarda da sauran abin da ke cikin littafin. Babba ba ya koyon karatu daga takardar da ta raina saninsa.

Akwai kuma batun rubutu. Ƙa'idar da ake bi bayan taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 ba ta nuna tsawon wasali da karin sauti a rubutun yau da kullum. A wannan fage kuwa hakan yana da nauyi: zane na ɗaurawa da zane na alƙalami iri ɗaya ake rubuta su, haka baba na rini da baba mahaifi, haka dagin zaki da dagin haƙa rami. Mai karatu Bahaushe yana raba su da jimla, amma ƙamus na sana'a ba shi da wannan uzuri.

6. Kammalawa

Abin da ya dace shi ne a koma wurin maɗinka da marina da dukawa na Damagaram, Maraɗi, Tasawa da Tawa, a karɓi kowane suna daga bakinsu, a rubuta shi da tsawon wasali da karin sauti, a ajiye hoton zanen kusa da shi, a kuma nuna garin da aka ji shi, domin sunan Adar ba lalle ne ya zama na Damagaram ba. A rubuta bayanin da Hausa tukuna, fassara ta biyo baya. Inda maɗinki ya ce zane yana da asiri, a rubuta haka da bakinsa. Inda ya ce kamance ne kawai, a bar shi a kamance. Aikin yana da gaggawa, domin keken surfani ya karɓe yawancin kasuwa, kuma masu ƙidaya aska da allura a hannu tsufa suke yi.